Daga Legas zuwa Jidda: kilomita nawa ne, kuma ta ina za a bi da tsohuwa?

Sabi'u Agege: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Allah ya hore mini, ina so in kai Inna Umara kafin azumi ya kama. Shekarunta sun haura 70, tana da ciwon gwiwa da hawan jini, kuma ba ta taɓa hawa jirgi ba. Ejan ya shimfiɗa mini hanya uku: ko mu bi ta Addis Ababa, ko ta Doha, ko mu tafi Kano mu tashi daga can. Ta Doha ce ta fi sauƙin kuɗi. Na duba nisan Legas da Jidda a intanet, wani wuri ya ce 4,200, wani ya ce 2,600, wani ma 2,270. Wanne ne gaskiya, kuma awa nawa mutum zai yi a sama? Tsorona kar in zaɓi hanyar da za ta jigata ta.

Bala Mai Canji: Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri, ya sa 'ya'yanka su yi maka. Bari masana su zo.

Aminu Akoka: Yaya Sabi'u, duk ukun daidai ne, ma'auni ne ya bambanta. Kilomita 4,200 shi ne mil 2,600 a ma'aunin ƙasa. Shi kuma 2,270 mil ne na teku, wanda matuƙa jirgi ke amfani da shi, kowane guda kilomita 1.852 ne. Ka riƙe na kilomita, shi muka saba da shi. Wannan kuma nisan miƙaƙƙen layi ne daga filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda.

Ɗanlami Mile 12: Kai Aminu, anya kuwa? Ingila fa 5,000 ake cewa. Kana nufin Makka ta fi Landan kusa da mu?

Aminu Akoka: Ƙwarai kuwa, Yaya Ɗanlami, da wajen kilomita 800. Abin da ke ruɗa mu shi ne mun ɗauka duk inda ake buga fasfo nesa ne. Daga nan zuwa Accra a sama kilomita 400 ne, zuwa Abuja ya ɗan haura 500. Yamai ta Nijar wajen 780 ce, Kano kuma wajen 830. Wato wanda ya tashi daga Ikeja zai riga isa babban birnin Nijar kafin wanda ya nufi Kano ya sauka. Kwatano kuwa ba a magana, ɗari da 'yan kai ne.

Ɗanlami Mile 12: Ikon Allah. To in haka ne, ni shawarata ka ɗauki mai arha kawai. Jirgi jirgi ne, duk Jidda za su sauke ku. Rarar kuɗin ka ƙara wa Inna guzuri, ta sayo wa jikoki tsaraba.

Injiniya Kabiru Ikeja: Malam Ɗanlami, a nan kam ban bi ka ba. Sabi'u, ɗauki biro ka rubuta. Lissafin Aminu daidai ne, amma babu ɗaya cikin hanyoyin nan uku da zai bi da ku ta wannan layin na 4,200.

Ta Addis Ababa: daga Legas wajen kilomita 3,900, sannan daga Addis zuwa Jidda wajen 1,400. Jimla 5,300. A sama awa biyar da rabi ne, sai kuma biyu da rabi.

Ta Doha: daga Legas sama da kilomita 5,500, wajen awa takwas a zaune. Kuma ka lura, Doha tana gabas da Makka. Jirgin zai ratsa ƙasar Saudiyya ya wuce ta, ya kai ku bakin tekun Fasha, sannan wani jirgin ya dawo da ku baya fiye da kilomita 1,300. Jimla ta kusa 6,900. An ƙara wa Inna kilomita 2,700 a kan ainihin nisan, abin da ya fi zuwa Kano sau uku.

Ta Kano kuwa: 830 zuwa Kano, sai 3,400 daga Kano zuwa Jidda. Ka ga jimlar ba ta wuce miƙaƙƙen layin da komai ba, domin Kano kusan a kan hanya take.

Da ta Alkahira aka ba ka, ita ma wajen 5,100 ce. Ta Istanbul kuwa 7,000 ce.

Sabi'u Agege: Na gode Injiniya. To me ya sa mai nisan ta fi arha? Ai na ɗauka kuɗin mai ne ake biya.

Injiniya Kabiru Ikeja: Mai yana ciki, amma ba shi kaɗai ke yanke farashi ba. Manyan kamfanonin nan kowanne yana da gidansa: Ethiopian a Addis, Qatar Airways a Doha, Turkish a Istanbul, EgyptAir a Alkahira. Jirgin da ya tashi daga Legas zuwa Doha ba masu Umara kaɗai ya ɗauka ba, akwai masu zuwa Indiya asibiti, masu zuwa Sin saro kaya, masu zuwa Malesiya karatu. A can ake rarraba su. Tunda jirgin zai tashi ko da ku ko ba ku, kujerar da ta rage gara su sayar da ita da rangwame. Kai kuma abin da kake biya a madadin rangwamen shi ne lokacinka da ƙarfin jikinka. Saurayi mai jini a jika zai iya biya. Inna fa?

Hajiya Rabi Idi-Araba: Sabi'u ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ni ban san kilomita ba, amma na san tafiya. Tambayi ejan ɗin nan abu ɗaya: awa nawa za ku zauna a filin jirgin da za ku yada zango? Wannan zaman shi ke karya tsofaffi, ba na cikin jirgi ba. A jirgi kana da kujerarka, ana kawo maka abinci, ban ɗaki yana kusa. A filin jirgi kuwa ga sanyin na'ura, ga kujerun ƙarfe, ga doguwar tafiya daga wannan ƙofa zuwa waccan, ga shi ba mai jin yarenka. Na taɓa ganin wata baiwar Allah daga Gusau zaune a ƙasa tana kuka, ɗanta ya tafi neman ruwan zafi ya daɗe, ita ta ɗauka jirgi ya tafi ya bar ta. Sai da na zauna kusa da ita na yi mata Hausa sannan hankalinta ya kwanta.

Sabi'u Agege: Hajiya na tambaye shi yanzu. Ya ce Doha awa tara za mu jira, Addis awa uku.

Hajiya Rabi Idi-Araba: To ka gani. Takwas da tara da biyu da rabi, nawa ke nan? Ka ƙara awa ukun da ake so ka riga jirgi zuwa fili, ka ƙara layin shige da fice a Jidda, ka ƙara motar Makka. Kwana guda cur ke nan tsohuwa ba ta miƙe bayanta ba, sannan a ce ta yi ɗawafi da sa'ayi. Haba.

Ɗanlami Mile 12: Hajiya ki yi haƙuri, ni ba mugunta nake nufi ba. Kuɗi ne ya yi wuya. Wanda ya san yadda ake tara naira a Legas ɗin nan ya san bambancin tikiti ba abin wasa ba ne, kuma mutum biyu ne fa.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Na sani Ɗanlami, ni ma kasuwar nake ci. Amma in ta isa ta kwanta ciwo, kuɗin magani da kwanakin otal da za su tafi a banza sun fi rarar.

Alhaji Mamman Alaba Rago: Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku, jikana ke rubuta mini. Injiniya, wannan miƙaƙƙen layi da kuke faɗa, ta waɗanne garuruwa ya bi?

Injiniya Kabiru Ikeja: Ranka ya daɗe Alhaji. In ka ɗauki lemo ka sa ɗigo biyu a jikinsa, ka ja zare tsakaninsu ya miƙe, to hanyar da zaren ya kwanta ita ce mafi kusa, domin duniya a dunƙule take. Zaren Legas da Jidda yana ratsa Najeriya ya nufi arewa maso gabas, ya bi dab da Maiduguri, ya bi kusan ta saman Njamena, ya ratsa Cadi ta arewa da Abeche, ya shiga Sudan, ya wuce arewa da Khartum, ya faɗa Bahar Maliya arewa da Port Sudan, sai Jidda.

Alhaji Mamman Alaba Rago: Allahu akbar. To ai hanyar iyayenmu ce ka lissafa. Kakana da ƙafa da jaki ya tafi. Daga Kano zuwa Barno, a ƙetare zuwa Fort Lamy, sunan Njamena ke nan a lokacin, sai Abeche, sai Junaina, sai Fashir, sai Ubayyid, sai Khartum, sai Sawakin a bakin teku, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ba su da taswira, ba su da na'ura, gabas kawai suka sa a gaba, kuma ga shi ilimin zamani ya ce ba su kauce ba sosai. Amma su shekaru suke yi. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ƙwadago, a tara, a ƙara gaba. Da yawa a gonakin auduga na Jazira a Sudan suka yi aiki. Wasu sun yi aure a hanya sun haihu, wasu sun rasu, wasu sun je sun sauke farali amma ba su dawo ba. Shi ya sa in mutum zai tafi yakan raba gadonsa ya nemi gafarar kowa. Hausawan Sudan da kuke ji, akasarinsu jikokin waɗannan bayin Allah ne. Akwai ma gari sukutum a bakin Shuɗin Nilu, Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903.

Kuma ku 'yan Ikko ku sani, zagaye ba yau aka fara shi ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921 daga nan ya shiga jirgin ruwa, sai da ya bi ta Ingila sannan ya isa Jidda.

Ina faɗin wannan ne don Sabi'u ya gode wa Allah. Amma kar ya ce tunda na da sun sha wuya bari Inna ma ta sha. Su ba su da zaɓi ne.

Aminu Akoka: Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Ko jirgin sama na farko da ya sauka a Najeriya ta wannan hanyar ya zo. A 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar, suka bi ta Sudan da Cadi, suka sauka a Kano.

Bala Mai Canji: To in Kano ce a kan hanya, ai magana ta ƙare. Sabi'u ka bi ta gida.

Injiniya Kabiru Ikeja: Ba ta ƙare ba tukuna, Malam Bala, akwai abin da ya sauya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma kauce mata. Kuma Sudan ce ke kwance a tsakiyar hanyar nan tamu. Da can daga Kano zuwa Jidda awa huɗu da rabi ne, daga Legas kai tsaye biyar da 'yan mintuna, domin jirgi yana cin wajen kilomita 850 a awa, sai a ƙara lokacin tashi da na sauka. Da aka rufe, dole jirgi ya zagaya, ko ta kudu ya ɓullo ta Habasha, ko ta arewa ya ɓullo ta Masar. Kun tuna Hajjin 2023 da kamfanonin jigilar alhazai suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci, har aka yi ta kai ruwa rana da hukumar alhazai ta NAHCON? Wannan zagayen ne dalili. Ƙarin awa a sama ƙarin mai ne, ga kuɗin da kowace ƙasa ke karɓa in ka ratsa samanta.

Don haka 3,400 ɗin nan na Kano a takarda yake. Sabi'u, ka sa ejan ya nuna maka lokacin tashi da lokacin sauka na ainihin jirgin da zai ba ku, ka lissafa da kanka. In ta kudu jirgin zai zagaya, to tazarar da ke tsakaninsa da hanyar Addis ta ragu sosai.

Sabi'u Agege: Ya turo mini na jirgin Kano. Amma akwai abin da ban gane ba. A tafiya lissafin ya ba ni awa takwas da wani abu, a dawowa kuma huɗu da wani abu. Jirgin dawowa ya fi gudu ne?

Ɗanlami Mile 12: Ni na ji an ce juyawar duniya ce. In kana dawowa yamma ƙasa na tahowa ta tarye ka.

Aminu Akoka: A'a Yaya Ɗanlami, iskar da jirgi ke ciki tare take juyawa da duniya, don haka ƙasa ba ta gudu ta bar shi. Agogo ne. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, kuma a tikiti kowane lokaci na garin da aka rubuta ne. In kun tashi ƙarfe 12 na rana agogon Najeriya, a Jidda ƙarfe 2 ta yi. Don haka Yaya Sabi'u, a tafiya ka cire biyu, a dawowa ka ƙara biyu. Za ka ga duka biyun sun tsaya a shida da wani abu. Addis da Doha ma agogonsu ɗaya da na Makka.

Injiniya Kabiru Ikeja: Haka ne. Iska tana sa ɗan bambanci, wani lokaci ta tura jirgi wani lokaci ta tare shi, amma a hanyarmu mintuna ne, ba awa huɗu ba. Ka ga ke nan shida da wani abun nan ya tabbatar maka zagaye jirgin yake yi.

Nas Hadiza Surulere: Yaya Sabi'u, bari in sa baki ta ɓangarenmu. Abin da ya fi damuna da mai shekarun Inna shi ne dogon zama ba motsi. Ƙafa tana kumbura, jini kuma yana iya daskarewa a jijiyar ƙwauri, haɗarin yana ƙaruwa in zaman ya wuce awa huɗu. Ka nema mata kujerar bakin hanya don ta riƙa tashi tana ɗan takawa, in tana zaune ta riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa. Ta sha ruwa sosai. Na san iyayenmu, za ta ƙi sha don kunyar zuwa ban ɗaki, kai za ka lallashe ta, ka raka ta ka nuna mata yadda ake buɗe ƙofar da yadda ake kora ruwa. Magungunanta duka a jakar hannu, kar ko ɗaya ya shiga akwatin da za a auna, domin akwati yana iya makara. Kafin ku tafi ku je wajen likitanta ya duba jinin, ya gaya muku yadda za ta sha magani da sabon agogo. Katin rigakafin shawara da allurar sanƙarau ma a yi su da wuri.

Abu mafi muhimmanci: ka sa a rubuta mata keken marasa lafiya a jikin tikitin tun yanzu, ba sai ranar tafiya ba. Ba a biyan kuɗinsa. Za a tura ta har ƙofar jirgi, a tarye ta a inda kuka sauka, kuma ba za ta tsaya dogon layi ba.

Sabi'u Agege: Na gode ƙanwata. Inna fa ba za ta yarda da keke ba, cewa za ta yi ita ba gurguwa ba ce.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Ka haɗa ni da ita a waya ni zan gaya mata. Ƙafar nan ta ajiye ta don Safa da Marwa, kar ta ƙarar da ita a barandar filin jirgi.

Ɗanlami Mile 12: Nas, an ce Addis a kan dutse take, numfashi yana wuya. Ba matsala ga mai hawan jini?

Nas Hadiza Surulere: Garin yana sama da mita 2,300, gaskiya ne, kuma akwai sanyi da dare, ta riƙe rigar sanyi da safa. Amma iskar cikin jirgi ma kusan kamar ta wannan tsayin ake daidaita ta. Wanda likita ya yarda ya hau jirgi, zaman awa uku a can ba wani abu ba ne in ba gudu zai yi ba. In tana da ciwon zuciya ko na huhu, wannan kuma maganar likitanta ce.

Malam Nuhu Obalende: Assalamu alaikum. An yi maganar jiki da aljihu, saura ibadar da za a je dominta. Sabi'u, hanyar da ka zaɓa tana shafar inda za ku ɗauki harami. Wanda ya taso daga Habasha ta kudu yake shigowa, yana daidaita da miƙatin Yalamlam, wato iyakar da ake ɗaukar harami. Wanda ya taso daga Masar da Juhfa yake daidaita. Na Doha kuwa ta Ƙarnul Manazil zai bi. Duka a sama za ku ratsa su kafin a sauka Jidda. Wasu jiragen suna sanarwa, amma kar ka dogara da hakan, jirgi yana cin kilomita 14 a minti guda, kafin ka farka daga gyangyaɗi an wuce. Ita Inna kayanta na jiki su ne haraminta, niyya da talbiyya kawai za ta yi. Kai ne mai aiki. Ka yi wanka tun a gida, ka ɗaura zanen a filin da kuka yada zango, niyya kuma sai an kusa miƙati. Game da wanda ya ƙetaro teku daga yamma sak, ko zai iya jinkirtawa har Jidda, malamai sun yi saɓani, ni dai abin da nake ba mutane shawara shi ne su fita daga saɓanin su yi niyya a sama.

Sallah kuwa, kasaru a mazhabarmu ta Malikiyya daga mil 48 take farawa, wajen kilomita 80. Kun ninka wannan sau hamsin. Ku yi kasaru, Allah ne ya yi muku sauƙi.

Amma ina da tambaya: dole ne sai Jidda za ku sauka?

Sabi'u Agege: Allah ya gafarta Malam, ai na ɗauka nan kowa ke sauka.

Malam Nuhu Obalende: A'a. Madina tana da filin jirginta, na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz. In kuka fara da Madina babu harami a jirgi, babu fargabar wuce miƙati. Inna ta sauka ta yi barci, ta huta kwana biyu ko uku, ta yi salloli a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi ziyara a natse. In ƙarfinta ya dawo sai ku yi wanka, ku ɗauki harami a Zul Hulaifa, inda shi kansa ya ɗauka, ku nufi Makka. Ta shiga ɗawafi da jiki sabo, ba da gajiyar kwana guda a hanya ba.

Injiniya Kabiru Ikeja: Wallahi Malam ya kawo magana. Daga Legas zuwa Madina wajen kilomita 4,350 ne, ƙarin 150 kacal a kan Jidda, minti goma a sama. Kuma tun 2018 akwai jirgin ƙasa na Haramain tsakanin Madina da Makka, kilomita 450, yana gudun da ya kai 300 a awa, cikin awa biyu da rabi an isa. Ka nemi tikitin da zai sauke ku Madina a tafiya, ku taso daga Jidda a dawowa. Ana yin haka, ba sabon abu ba ne.

Malam Nuhu Obalende: Sai dai in jirgin ƙasa za ku hau, ka tambaya tun a masauki yadda za ku yi da miƙatin, domin Zul Hulaifa a bakin garin Madina take, jirgin kuma ba ya tsayawa a wurin. Da yawa sukan je can da mota su yi niyya sannan su wuce tasha.

Bala Mai Canji: Ni har yanzu ina nan a kan Kano. Inna 'yar ina ce? In tana da dangi a can, ta sauka ta kwana biyu, ta yi sallama da 'yan'uwa kamar yadda aka saba, a yi mata addu'a. Jirgin Kano kuma cike yake da Hausawa, ta juya dama ta juya hagu duk masu jin maganarta ne. Wannan ma magani ne ga wadda ba ta taɓa tashi sama ba. Awa ɗaya da rabin nan ta Legas zuwa Kano ta zame mata gwaji, ta san yadda kunne ke toshewa, ta san ƙarar tayoyi in za a sauka.

Sabi'u Agege: 'Yar Bichi ce, ƙanwarta tana Kurna. Tun da aka fara maganar tafiyar nan take cewa tana so ta gan ta.

Hajiya Rabi Idi-Araba: To ai ka ji. Amma Bala, ka faɗa masa ɗaya gefen. Tikiti biyu ne daban, na gida da na waje. In jirgin gida ya yi latti ko aka soke shi, na waje ba ruwansa, tafiya zai yi, kuɗinku kuma sai abin da hali ya yi. Ga hazo, in ya sauko a Kano da hunturu jirage sukan kasa sauka. Kar ka kuskura ka haɗa su rana ɗaya. Ka bar kwana biyu a tsakani, uku ma ya fi. Sannan kilo: abin da jirgin waje ya yarda ka ɗauko ya fi na jirgin gida, a dawowa ga ruwan Zamzam ga dabino ga tsaraba, za ka biya kuɗin ƙari daga Kano zuwa nan. Ka sa shi a lissafi tun yanzu.

Ɗanlami Mile 12: In an haɗa tikitin gida na mutum biyu zuwa da dawowa, da kuɗin kilo, da abin da za a kashe a Kano, wallahi sai ta fi ta Addis tsada. Ni na janye maganar Doha saboda awa taran nan, amma Addis tikiti ɗaya ne, kaya tun daga Ikeja sai Saudiyya, jira awa uku. Daga Agege zuwa filin jirgi kuma ba nisa, ko da gosulo.

Injiniya Kabiru Ikeja: Wannan gaskiya ne, kuma a tikiti ɗaya in jirgin farko ya makara alhakin kamfani ne ya sa ku a na gaba. A lissafin awa daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki, Addis ce gajera. Kano kuma ta fi ta wajen raba gajiyar gida biyu da kwana a tsakani. Ni da mahaifiyata ce, kuma tana da 'yar'uwa a Kurna, Kano zan bi.

Nas Hadiza Surulere: Ni ma. Zama ɗaya na awa shida bayan ta huta ya fi mini sauka da hawa sau biyu a dare guda.

Sabi'u Agege: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na cire Doha. Na gaya wa ejan ya nemo mini farashi biyu, na Addis da na Kano, kowanne da sauka a Madina da tasowa daga Jidda, kuma ya rubuta keke. Yau da dare zan zauna da Inna in karanta mata duk abin da kuka ce, ita ma a ji ta bakinta. Hajiya zan kira ki bayan isha'i ku yi maganar keken.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Ina jira. Kuma in ya turo, ka duba awannin jira na dawowa, kar ka tsaya a na tafiya kawai. Sau da yawa a nan dogon zaman yake ɓuya, lokacin kuma ta riga ta gaji da ibada.

Malam Nuhu Obalende: In kun tsayar da rana ka zo masallaci bayan asuba in nuna maka ɗaurin harami. Ka taho da zannuwan.